Jan Fenti a Jikin Maɗaci

Har yau in na ga jan fenti a jikin bango sai raina ya ɓaci, ko da tallan maganin basir aka rubuta da shi. 'Ya'yana sun gane, shi ya sa in muna tafe a mota suka ji na ja tsaki ba dalili, sai su kalli juna kawai.

Ni ma'aikaciyar binciken itatuwa ce, ko in ce na taɓa zama. Da na kama aiki dangi sun ɗauka a ofis mai sanyi zan zauna, sai ga ni da takalmin roba da malafa ina bin daji. Gwaggona ta Unguwar Shanu, ƙanwar mahaifina, ta daɗe tana gabatar da ni a gidan biki da cewa, "Wannan ce tamu da ta gama jami'a ta koma auna ƙugun bishiya." Ban taɓa musa mata ba, don ba ƙarya ta yi ba.

A makaranta na karanta labarin wata bishiya ta ƙasashen bakin Bahar Rum, wadda ake yin marfin kwalba da ɓawonta. Ana ɓare ɓawon, a bar ta ta huta shekaru, ta mayar da sabo, a dawo a sake ɓarewa. Kaka ya ci abinci daga jikinta, jika ma ya ci, tana nan tsaye. Ni kuwa a Abakpa, cikin Kaduna, na tashi, ina ganin bishiyoyin maɗaci na bakin titi kowacce da rauni a jiki, masu magani sun sassaƙe ta. Maɗaci ba irin waccan bishiya ba ne. In aka zagaye shi da sara, hanyar abincinsa ta yanke, mutuwa zai yi. Amma in siririn yanki aka ɗauka a tsaye, yakan rufe raunin a hankali. Tambayata ɗaya ce: faɗin nawa zai iya jurewa, kuma sai yaushe za a iya komawa kansa? In na samo amsar, mai sassaƙe ya ci abincinsa, bishiya ta rayu.

Ofishinmu yana da wani ɗan kurmi a bayan Rigasa, can inda gidaje suka ƙare. Maɗaci ya fi yawa a ciki, sai ɗorawa da marke jefi-jefi. A nan na yi gwajina. Wasu bishiyoyin na cire musu ɓawo faɗin yatsa uku, wasu faɗin tafin hannu, wasu tafi biyu. Kowace damina in ta wuce sai in zo da tef in auna yadda leɓen raunin ya matso. Da farko lambar ƙarfe nake maƙala musu, aka yi ta cirewa, sai na koma rubuta 'yar lamba da farin fenti can ƙasa kusa da saiwa, inda sai ka durƙusa za ka gani.

Masu sassaƙe na yankin suna da wani dattijo da suke jin maganarsa, Baba kawai nake ce masa. Ranar da na fara yi masa bayani ya dube ni sama da ƙasa ya ce, "Malama, yanzu gwamnati biyanki take yi ki ji wa bishiya ciwo, sannan ki zauna ki ga ko za ta warke?" Na ce ƙwarai. Ya yi dariya har da tari. Amma da mai unguwa ya sa baki muka yi yarjejeniya: masu lamba a ƙasa ba a taɓa su, sauran kuwa a ɗiba a gefe ɗaya kawai, kada ya wuce tafin hannu. Shekara da shekaru ba wanda ya saɓa. In na zo awo sai ya ɗago daga inuwa ya ce, "Yaya majinyatan naki, da sauƙi?"

Da sauƙi kuwa. Masu yatsa uku sun daɗe da rufewa. Masu tafi biyu sun fara ruɓewa daga ciki. Masu tafin hannu, waɗanda a kansu amsar take, saura 'yar tsaga da ƙyar ɗan yatsana yake shiga. Damina ɗaya ta rage in ga sun haɗe, in rubuta abin da na gani da idona. A shekarar nake da cikin 'yata ta fari, har ina ce wa maigidana haihuwa biyu zan yi.

Ina hutun haihuwa aka kawo mana sabon shugaban sashe. Mutum ne mai son hoto, ko bishiya zai dasa sai an nemo mai kyamara kafin a nemo ruwa. Aka ce masa wasu baƙi da ke tallafa wa bincike za su zo, sai ya je kurmin da takalminsa mai ƙyalli, ya zagaya bai ga lamba ko ɗaya ba, don shi ba mai durƙusawa ba ne. Ya ba da umarni a yi wa kowace bishiyar gwaji babbar alama daidai ƙirjin mutum, yadda za ta fito a hoto. Jan fenti ne kaɗai a sito. Leburorin da aka tura kuwa suka zana layi biyu a gicciye, irin wanda suke gani kullum a bangon gari. Waya tana hannuna dare da rana, amma ba wanda ya ga dacewar ya tambayi mai jego.

Lokacin rusau ne a Kaduna. Ba yaro ba babba, kowa ya san abin da jan fenti a gicciye yake nufi. In ka tashi ka gan shi a katangarka, ba ka jiran takarda, ka cire ƙofa da taga da kwanon rufi kafin katafila ta iso.

Ni ban san komai ba. Ina kwance a gida zazzaɓi da ciwon ciki sun sa ni gaba, Gwaggo, wadda ta zo yi mini wankan jego, ta ce ita ba ta yarda da ƙwayoyin asibiti su kaɗai ba. Ta tafi kasuwa ta dawo da fara'a, tana cewa, "'Yar nan, maɗaci ya yi araha kamar a roƙe ka ka ɗauka. Dubi wannan, ko allon karatu bai kai shi ba." Ta zube su a tsakar gida. Faɗin ne ya fara sa ni zargi, don ba a samun irin wannan sai an tuɓe bishiya gaba ɗaya. Na ga ja a bayan ɗaya. Na juya wani, sai ga farar lamba a gefensa, bakwai mai ɗamara a tsakiya, yadda ni nake rubuta ta.

Na ɗauki mayafi. Gwaggo ta tare ƙofa tana salati, wai ban yi arba'in ba, iska za ta shige ni. Na ce mata, "Gwaggo, ki riƙe mini yarinyar nan, ko ki matsa in fita da ita." Ta karɓi yarinya tana faɗa. Maigidana ya kai ni kurmin.

Daga nesa kurmin lafiya lau, ganye kore shar. Sai da na shiga na ga an yi wa bishiyoyina tsirara tun daga saiwa har inda tsani ya kai, farare fat, ruwan jikinsu yana tsatsafowa. Waɗanda ba su da lamba suna nan ba a wuce musu tafin hannu ba. Nawa kaɗai aka tuɓe, don su kaɗai aka shafa wa ja.

Baba yana wurin yana ɗaure kaya. Na ce, "Baba, ina alkawarinmu?"

Ya ce, "Malama, ai ku kuka fara tashi daga kansa. Mun wayi gari mun ga gwamnati ta sa ja. Muka ce an sayar da filin, katafila na tafe. Abin da za a ture a ƙone, ba gara a yi magani da shi ba?"

Na ce, "Ba wanda zai ture su! Don hoto aka shafa."

Ya tsaya da igiya a hannu. "Hoto?" Ya maimaita, sannan ya dubi bishiyoyin ya daɗe. "Na tura a neme ki, aka ce kin haihu. Allah ya raya." Na san ba mugunta ya yi ba, kuma hakan ne ya fi ƙona mini rai, don na rasa wanda zan shaƙe a wurin.

Washegari na je ofis da ɓawon a jaka, na ajiye wa shugaban a kan tebur. Na ce, "Ranka ya daɗe, ga sakamakon bincikena, a saka a hoton." Ya ture shi da bakin biro kada ya ɓata masa takardu. Ko a jikinsa. Ya ce abin takaici ne yadda jahilci ya yi wa mutanenmu katutu, kuma zai rubuta cewa ana bukatar wayar da kan jama'a. Wato mutanen da suka riƙe alkawari shekaru, ba albashi ba alawus, su ne za a wayar wa kai. Na ce masa Allah ya isa, a gaban sakatarensa, kuma har gobe ban janye ba. Baƙin ma ba su zo ba, an ɗage ziyarar, daga nan ba a sake maganarta ba.

Da na koma gida na tarar Gwaggo ta kankare fentin ta dafa sauran. Ta miƙo mini kofi ta ce, "Sha. Ƙin shan ba zai mayar da shi jikin bishiya ba." Na shanye ina hawaye. Zazzaɓin kuwa ya sauka, ko daga maɗacin ko daga ƙwayoyin asibiti, Gwaggo dai ta ce aikinta ne.

Bishiyar da aka zagaye ba ta mutuwa nan take. Sun yi wata da watanni da ganyensu, har wasu a ofis suna ce mini in kwantar da hankalina, ga su nan kore. Na ci gaba da zuwa da tef ɗina kamar wata taɓaɓɓiya, ba abin aunawa. Da bazara ta zagayo sauran kurmin ya yi toho, nawa suka tsaya a bushe. Masu gawayi suka zo, bayansu masu awon fili. Aka ce in sake sabon gwaji a wani wuri, na lissafa shekarun da zan jira da irin mutanen da zan jira tare da su, sai na nemi a mayar da ni aikin tebur a ofis.

Kwanan baya yarinyar nan da na bari a hannun Gwaggo, wadda yanzu ta kusa kai ni tsawo, ta yi ciwon ciki, kakarta ta matsa sai an haɗa mata da maɗaci. Na je kasuwa. Mai maganin ya ɗauko wani falle mai faɗi, lanƙwasarsa kaɗai ta gaya mini uwarsa ba ta rayu ba. Na tambaye shi daga ina ake kawowa. Ya ce, "Daga nesa, Hajiya, nan kusa ai ya ƙare." Sannan ya ƙara da cewa shi ma abin yana damunsa, da ma masu ilimi za su binciko yadda za a riƙa ɗiba ba a kashe bishiyar ba.

Na ce masa ya naɗe mini.