Fetur a Motar Baba

Mahaifina direba ne, kuma da abu biyu aka san shi a Illela: tsohuwar a-kori-kurarsa mai shan gas, da hancinsa. Motar daga tsallake ya sayo ta, wajen Konni, tun ina firamare. Fentinta ya koɗe har ba mai iya rantsuwa kan asalin launinta, ƙofar fasinja kuwa sai an ɗaga ta da gwiwa take rufuwa. Albasa ta ɗauka, gero ta ɗauka, amare da gawa duk ta ɗauka. Mu 'ya'yansa muna yi mata tsiya, muna kiranta yayarmu, shi kuma ba ya dariya, don a wurinsa maganar gaskiya ce.

A garinmu ba kowa ke wahalar zuwa gidan mai ba. Mai a jarka yake yawo, a bakin titi, a zaure, a bayan babur, kuma jarkokin duk kamarsu ɗaya, masu ruwan ɗorawa, irin waɗanda aka cinye man girkin cikinsu. Wata fetur, wata gas, wata kananzir, wata kuma Allah kaɗai ya san abin da aka haɗa. Sauran direbobi sukan tsoma yatsa su murza: in ya yi maiƙo gas ne, in ya bushe nan take fetur ne. Baba ya raina wannan gwajin, yana cewa na 'yan koyo ne. Shi murfi kawai yake buɗewa ya kai hanci, sai ya gaya maka ko an surka, har da abin da aka surka da shi. 'Yan bumburutu in suka hango shi tafe, da kansu suke tura jarkar rashin gaskiya ƙarƙashin benci.

Bayan rasuwar Innarmu motar ce ta riƙe shi. Ba don neman abinci ba, mun girma, ba ya rasa komai. Amma kowace safiya sai ya goge gilashi, ya duba ruwa, ya tayar da ita, ya fita ko da buhu biyu ne zai kai wa wani. Ni ina aure a nan cikin gari, layi uku tsakaninmu, kuma ni ke kai masa abinci. Na ga yadda yake zama idan motar tana gareji: ya jingina da bango, carbi a hannu ba ya ma ja.

Yayanmu babba, wanda ke aikin ofis a Sakkwato, shi ya fara maganar a raba Baba da tuƙi. Wai shekaru sun ja, wai hanya ta lalace, wai mutane za su zage mu. Ni kuwa Allah ya yi ni da saurin hawa, kuma ban taɓa jin kunyar hakan ba sai daga baya. Na yi masa tatas a waya, na ce shi da ke zaune ƙarƙashin fanka me ya sani game da Baba, in zai raba shi da motar nan to ya haɗa da sayen likkafani. Yaya mutum ne mai sanyi. Ya bari na gama, sannan ya ce, "Na ji. Amma duk randa wani abu yaf faru, ke za ki amso makullin da hannunki, ba ni ba." Na ce na yarda, har da rantsuwa.

A ƙarshen daminar wannan shekarar Baba ya yi zazzaɓi da mura mai nauyi, ya kwanta kusan mako biyu, ya tashi. Bayan nan na lura da wani abu, amma na yi masa mummunar fassara. Wata rana miyata ta kama, na kai masa a haka ina shirin shan faɗa, domin mutum ne da tun daga zaure yake ƙwala wa Inna kira cewa tukunya na ƙauri. Ya cinye tas, ya ce Allah ya yi albarka. Na koma gida ina murna wai tsufa ya sa Baba ya yi laushi.

Ranar da abin ya faru Alhamis ce, da hantsi. Na shigo da kwanon abinci na tarar yana goge gilashi. Sunan mahaifiyarsa aka sa mini, don haka bai taɓa kirana da sunana ba.

"Uwata, aje kwanon ga," ya ce. "Taho mu tahi Amarawa mu gano gwaggonki, an ce ƙahwatta ta matsa mata."

Ya shiga ɗan ɗakin da ke cikin zaure inda ake ajiye mai. Jarka biyu ce a wurin, tasa ta gas, da ta ƙanenmu mai noman albasa, wadda yake sayen fetur a ciki don injin ban ruwa. Na taɓa cewa a ɗaura wa ɗaya tsumma a hannu don a riƙa bambancewa, Baba ya kalle ni kamar na zage shi, ban sake ba. Ina tsaye ya fito da jarka ɗaya, ya buɗe, ya kai hanci, ya gyaɗa kai, ya kafa mazurari a bakin tanki ya juye ta duka.

Wannan wurin ne har yau yake ci mini rai. Na ji warin fetur. Ya bugi hancina sosai, har na ɗan kau da kai. Bakina ya buɗe, sai na rufe shi. Na ce a raina wataƙila ɗaya jarkar ce aka bari a buɗe, wataƙila wani mai babur ne ya wuce. Ni wace ce da zan ce wa Baba ga fetur ga gas? Ni da na iya tsaya wa Yaya da miji da shugaban makarantar da nake koyarwa, a gaban jarka ɗaya na zama kurma.

Motar ta tashi lafiya da ɗan sauran gas ɗin da ke cikinta. Mun wuce kasuwa, mun wuce gidajen ƙarshe, Baba yana ɗaga wa mutane hannu. Ba mu yi nisa ba injin ya sauya murya, ya fara ƙara kamar ana kaɗa tsakuwa a gwangwani. Motar ta riƙa fizga, tana tafiya tana tsayawa, farin hayaƙi ya turnuƙe bayanmu. Baba ya taka totur, ta ƙi ja. Ya sauya giya, ya sake takawa, ta yi wata irin tari ta mutu a gefen hanya.

Da a nan ya haƙura, an ce da ɓarnar ba ta kai haka ba. Amma Baba ya yi ta murɗa makulli, tana kamawa tana saki. Ya tsayar da wasu manoma suka tura, ta tashi, ta yi 'yar tafiya da wannan muguwar ƙarar, ta sake mutuwa. Sau uku ana haka. Ni ina zaune da hannu a cinya, na riga na gane, amma na bar su suna ta turawa.

Aka kira makanikinsa a waya, wani dattijo mai furfura da suka fi shekara talatin tare, ya zo a kan babur. Kafin ya iso mutane sun taru, kowa da ra'ayinsa, wani ya ce batir, wani ya ce ruwa ne a mai. Makanikin ya gaisa da Baba, ya saurari bayani, bai ko buɗe gaban motar ba ya zagaya ya kwance murfin tanki. Ya ja da baya. Warin ya bazu har inda nake tsaye, wani mutum a gefe ya yi sauri ya taka tabarsa da takalmi.

"Maigida," in ji makanikin, murya ƙasa-ƙasa, "wa az zuba ma motag ga mai?"

"Ni da kaina. Mi ag gare shi?"

"Hetur na, Maigida."

Baba ya yi dariya, irin dariyar da yake yi wa 'yan bumburutu. Ya ture shi gefe, ya sunkuya a bakin tankin, ya ja numfashi mai tsawo, ya sake ja. Mu da ke nesa idanunmu har yaji suke yi. Shi kuwa ya ɗago ya dubi jama'a ya ce da ƙarfi, "Wanga gas na, mai kyau ma. Ku duba wani wuri."

Jama'a suka dubi juna. Da ma an yi masa dariya, da na samu wanda zan zaga. Amma kowa sai ya sunkuyar da kai, wasu suka fara zamewa. Makanikin ya zura tiyo a tankin, ya zuƙo kaɗan, ya kama hannun Baba a hankali ya ɗiga masa a tafi. Baba ya tsaya yana kallo. Kafin a ƙirga goma tafin ya bushe ƙarau. Ya murza yatsunsa, ya sake murzawa, sannan ya sa hannun a aljihu ya je ya zauna a gindin wata bishiyar bedi, ya juya mana baya.

Wata motar aka samu ta ja tamu da igiya zuwa gareji. Makanikin ya juye tankin, ya wanke, amma ya ce famfon mai ya ci kansa, don gas ne ke ba shi maiƙo, fetur kuwa wanke shi yake yi ƙarfe ya riƙa cin ƙarfe, kuma nozul masu fesa mai cikin injin ma sun tafi. Ya ce za a samu na hannu a Konni, motar za ta tashi. Ya faɗi haka da ƙarfi don Baba ya ji. Baba bai ɗago ba.

A Illela labari ba ya kwana. Washegari bayan an sauko daga Juma'a sai ga Yaya a ƙofar gida. Muka zauna a zaure mu uku. Ni na riga na shirya ƙaryata tun safe, kuma ban jira an tambaye ni ba. Na ce ni na zuba man, Baba yana alwala na ga za mu makara, na ɗauki jarkar da ta fi kusa. Na faɗa da tsiwa, ina kallon Yaya ido cikin ido, ina jira ya ce kanzil in hau shi.

"Uwata," in ji Baba, "bari."

"Baba, ai ni..."

"Na ce bari. Ba ki taɓa yi min ƙarya ba, kada ki hwara don jarka." Ya juya wajen Yaya. "Ni niz zuba. Tun zazzaɓin ga ba ni jin ƙamshi, ba ni jin wari, ko kaɗan. Na ɓoye muku. Na ɗauka shina dawowa."

Yaya bai ce komai game da alkawarinmu ba, bai ko dube ni ba, kuma wannan ya fi mini ciwo fiye da gori. Ya ce za a kai Baba asibiti a Sakkwato, wataƙila akwai magani. Baba ya ce to, yadda ake cewa to ga yaro. Sannan ya sa hannu a aljihun gaba ya ciro makullin da ɗan zaren fatarsa, ya miƙo mini. Na ƙi karɓa, na ɓoye hannayena a cikin mayafi ina kuka, ina cewa ai za a gyara, ai za a ɗaura tsumma, ai ni zan riƙa zuba masa. Ya ce, "Yau hanci na, gobe ba ki san mi na ba, kuma mutane nika ɗauka." Ya kamo hannuna da kansa ya sa makullin a ciki ya naɗe yatsuna a kai.

Bayan la'asar, da Yaya ya tafi gaida mutane, Baba ya kira ni. Ya ce in je gareji, in ɗaga kujerar direba, akwai wata baƙar leda a ƙarƙashi, in kawo masa kafin masu gyara su yi ta jefa kaya. Na je na samo ta, an ƙulle bakinta sau biyu. Ban buɗe ba sai a gabansa.

Ɗankwalin Inna ne, wani shuɗi mai ɗigo-ɗigo da take yawan ɗaurawa in za ta unguwa. Mun raba kayanta kaf bayan rasuwa, ban san ya ɓoye wannan ba. Ya karɓa da hannu biyu, ya kai fuskarsa, ya daɗe a haka. Sai ya sauke, ya miƙo mini.

"In na tsaya jiran kaya sai in buɗe shi," ya ce. "Turarenta shina nan ciki, wanda takan haɗa da kanta. Tun damina ban ji ba. Shinshina min, Uwata. Shina nan har yanzu?"

Na kai shi hancina. Babu turare, babu Inna. Ledar ta kwana a gareji kusa da inda aka juye tanki, fetur ne kawai ke tashi daga ɗankwalin, har yana hawa mini kai. Baba yana kallon bakina.

"Shina nan, Baba," na ce. "Kamar yanzu ta kwance shi."

Ya gyaɗa kai, ya karɓa, ya ninke shi a hankali ya mayar cikin ledar, ya ƙulle bakin sau biyu don kada ƙamshin ya fita.