Haliru Mai Hoto da Fim Ɗin Tungar Ɗanbaba

Tun kafin masu kifi su sauke kwandunan farko a kasuwar Yelwa, Malam Haliru Mai Hoto ya riga ya buɗe shagonsa. Sai ya share ƙofa, ya yayyafa ruwa, ya fito da benci. Daga nan ya ɗauko kyamararsa, wata baƙa da fenti ya gama guduwa daga kusurwoyinta, ya hura mata iska, ya goge idonta da ƙyalle mai laushi a hankali kamar mai yi wa jariri wanka. In ka gaishe shi a lokacin, kai kawai zai ɗaga maka. Sai ya gama, ya rataye ta a wuya, sannan za ka ji ya ce, "Lafiya lau. Ya munka kwana?" Shekara arba'in ke nan ana haka, ranar kasuwa da wadda ba ta kasuwa ba. To, ƙarshen watan nan zai rufe shagon, don ido ya fara yi masa gardama, shi kuwa ya ce ba zai karɓi fuskar mutum ya mayar masa da ita dishi-dishi ba.

Sana'ar hoto a wajenmu ba ta rabuwa da zargi. Ka tsaya gaban mutum, ya ce kada ka motsa, ya danna wani abu, ya shige ɗaki mai duhu ya ja ƙofa. Me yake yi a ciki? Oho! Wani ya ce hoton matarka zai kai wa wani, wani ya ce ai da irinsa ake sammu. Haliru ya sha waɗannan har ya ƙoshi. Amma zargin da ya fi kowanne zafi shi ne na bikin Tungar Ɗanbaba, can bakin tafki a ƙasar Ngaski, daminar da ta biyo bayan samun Jihar Kebbi. Waɗanda aka yi a gabansu suna nan da ransu, a tambaye su.

Angon shi ne Musa Fenta, mai rubuta suna da zana furanni a jikin jiragen ruwa da motocin kasuwa. Amarya kuwa Zuliha, gwanar saƙar faifai da tabarma, marainiya ce, kawunta Alhaji Maikuɗi dillalin kifi ya riƙe ta tun tana rarrafe. Su biyun nan Allah ya haɗa su da hali ɗaya. Suka ce bikinsu ba lasifika, ba janareta, ba makaɗan haya, mutum ashirin da ɗoriya sun isa. Hular ango ita ta ɗinka. Rumfar kwale-kwalen da za a kai ta da shi ita ta saƙa. Shi kuma ya shafe kwale-kwalen da shuɗin fenti, ya jera masa kifaye farare daga goshi har wutsiya. Nan da nan tunga ta ɗauka: "Biki shiru-shiru sai ka ce zaman makoki? Akwai dai abin da anka ɓoye." Babu abin da aka ɓoye, haka yaran suke.

Mako guda kafin biki Musa ya zo shagon Haliru, ya durƙusa ya gaishe shi.

"Malam, hoton layi ba mu so. Kada a jera muna mutane kamar 'yan makaranta. Kuma don Allah kada ka haska muna wutar nan ta kyamara. Yadda rana ta bar mu, haka nika son mu fito. Baƙi da fari."

Abin ya ba Haliru mamaki. Tunda kowa ya koma hoton kala, rabon da a nemi wannan a wurinsa har ya manta. Ya jawo aljihun tebur ya fito da ɗan gwangwanin fim guda.

"Shi kaɗai ya rage mini, ɗauka talatin da shida. In ya ƙare, ya ƙare."

"Awo, na yarda. Ka dai bar muna na shiga jirgi. Sauran duk yadda idonka ya gani."

Ranar biki hadari ya haɗo tun safe, bai zuba ba bai kuma watse ba, tafkin ya yi baƙi ƙirin. Haliru ya ji daɗin hasken har cikin ransa. Bai ce wa kowa ya tsaya ba, bai ce wa kowa ya yi murmushi ba. Ya ɗauki tsofaffi suna raba goro bayan fatiha. Ya nemi izini ya tsaya daga bakin ƙofa, ya ɗauki hannuwan amarya da lalle a kan faifan da ta saƙa. Ya ɗauki ango a bayan rumbu yana fama da fentin da ya maƙale masa a farce. Ƙyas ɗin kyamarar ma sai ka kasa kunne za ka ji. Sai dai duk inda ya juya, ido biyu na bin ƙeyarsa, ya kuma san na wane ne.

Kada a yi saurin ganin laifin Alhaji Maikuɗi. Shekara biyu kafin nan, a bikin ɗansa, wani baƙon mai hoto ya zo ya yi ta walƙiya har idon mutane ya yi ja, ashe akwatin nasa fayau yake, babu fim. Ya tafi wanko hoto, har yau yana can yana wanki. Wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai ya gudu. Alhaji ya yini yana lissafi a ransa: mai walƙiya ma ya cuce ni, ina ga wanda ko walƙiyar bai yi ba?

Bayan la'asar, mata sun fara kwasar kayan amarya zuwa bakin ruwa, sai ya tare Haliru a tsakiyar mutane.

"Kai, mai hoto! Tun hantsi nika kallonka. Ina wutar?"

"Ango ya ce ba ya so, Alhaji."

"Ango yaro na, mi ya sani? Buɗe akwatin ga mu ga fim."

"In na buɗe, haske ya taɓa shi, duk abin da anka ɗauka yau ya ƙone."

"Kun ji ko? Kun ji irin tasu! To naɗe shi ka fiddo."

"In na naɗe yanzu, ɗauka takwas da sunka rage sun tafi a banza. Amarya kuwa ba ta shiga jirgi ba."

Ai kuwa sai Alhaji ya ɗaga murya yadda na cikin jiragen da ke bakin gaɓa za su ji. Ya ce macuci ne, ya ce ɗan damfara ne da furfurarsa, ya ce daga Wara har Shanga sai ya tabbatar babu mai sake kiran wannan mutum ko suna ne na ɗan akuya. Kuma zai iya, don babu tashar kifin da ba a san muryarsa ba. Mutane suka matso. Waɗanda ɗazu suka ci tuwo kwano ɗaya da Haliru suka koma kallon kyamarar ta gefen ido. Duk wannan bai soke shi ba kamar da Musa ya raɓo kusa da shi, fuska a damƙe, ya ce ƙasa-ƙasa, "Malam... akwai dai ko?"

Haliru ya dubi kyamarar. Ɗan maɓallin buɗewa na nan ƙarƙashin babban yatsansa. Ja ɗaya, kowa ya ga fim da idonsa, sunansa ya fita fes, Alhaji ya sha kunya. Bikin yaran nan kuma ya tafi ke nan, don ba a ɗaura aure sau biyu saboda mai hoto. Ya ɗora hannu biyu a kan kyamarar ya danne ta a ƙirjinsa.

"Ka zage ni har gobe, Alhaji. Ba ni buɗewa."

Kai ne, Haliru, ka tsaya a bakin tafki ana yayyaga maka mutuncin shekara ashirin da biyar, alhali maganin abin yana ƙarƙashin yatsanka. Kai ne ango da kansa ya yi maka tambayar da ba ta dace ba, ba ka juya ka hau jirgin Yelwa ka bar su da bikinsu ba. Wallahi da yawanmu da mun buɗe, mu ce ai su suka nema. Na Yelwa, baƙin akwati mai farin ciki, ba ka buɗe ba.

Aka fito da amarya a lulluɓe, ƙawayenta biyu na riƙe da ita. Haliru ya naɗe ƙafar wando ya shiga ruwa har gwiwa, ana ta gunaguni a bayansa. Ya ɗauka tana sa ƙafa a jirgi, ya ɗauka tana zama ƙarƙashin rumfarta, ya ɗauka jirgin na yanka baƙin ruwan nan da shuɗinsa. Ya juyo gaɓa ya danna na ƙarshe. Sannan ya fito, ya naɗe fim a gaban kowa, ya buɗe kyamara, ya ɗauko gwangwanin ya sa a tafin Alhaji Maikuɗi.

"Riƙe da kanka. Gobe ka zo da shi Yelwa, a gabanka za a wanke."

Alhaji ya jujjuya shi, ya kai kunne ya girgiza. "Gwangwani dai na gani. Wa ya san abin da ke ciki?" Ya ƙulle shi a bakin rawaninsa.

Washegari da hantsi sai ga shi a shago, ko gaisuwar kirki babu. Haliru ya gaya masa cewa fiddo fim daga gwangwani sai a duhun da ko tafinka ba ka gani. Alhaji ya ce to nan ne za a yi musanyar, shi ba yaro ba ne. Aka daidaita a kan zai shiga, ya riƙe Haliru. Haka aka yi aikin nan, jama'a: babban mutum, dillalin da ake tashi a ba shi wuri, ya damƙe gwiwar hannun mai hoto a cikin duhu, yana numfashi sama-sama, yana faɗin, "Mi kaka taɓawa? Wannan ƙarar ta mi ce?" Haliru yana amsa masa ɗaya bayan ɗaya, bai ɗaga murya ba.

Da fim ya wanku ya bushe, Haliru ya ɗaga shi a hasken ƙofa. Alhaji ya leƙa ya ja da baya.

"Subhanallahi! Waɗanga su wane ne? Fuska fara, haƙora baƙi? Ba mutanena ba ne!"

"Haka yake fitowa a juye. Yi haƙuri, saura kaɗan."

Suka koma ciki, Haliru ya kunna jan ƙwan fitila. Ya haska fim a kan farar takarda, ya tsoma ta a tiren ruwan magani, yana ɗan rausaya shi. Alhaji ya sunkuyo har gemunsa ya kusa taɓa ruwan. Takarda fara fat. Ya buɗe baki zai yi magana, sai ga inuwa ta fara tasowa, ga rumfa, ga kifayen Musa, ga Zuliha zaune. Haliru ya tsoma ta biyu, ta uku, har ya zo kan ta ƙarshe.

Gaɓar tafki ce ta fito, mutane duk sun fuskanci ruwa suna ɗaga hannu. Can gefe, bayan wata komar kamun kifi da aka shanya, ga wani dattijo ya juya wa jama'a baya, ya cusa fuska a cikin bakin rawaninsa, kafaɗunsa sun rankwafa. Ko makaho ya shafa ya san kuka yake yi.

Sai Alhaji ya ce, "Na ɗauka babu wanda ya gan ni."

"Ni kaɗai na gani, sai akwatin. In ka so, in yanke wannan daga fim in ba ka, da takardar. Ko Musa ba zai san da shi ba."

"Tun tana rarrafe, Malam. A kafaɗar nan ta yi wayo." Ya share ido da bayan hannu. "Ina zaginka, kai kuwa kana..." Ya miƙa hannu ya ɗauki hoton da danshinsa. "A'a. Gaban mutane na ɓata ka."

Masu kifin Yelwa ba su manta da ranar ba. Alhaji Maikuɗi ya ratsa kasuwa har tsakiyar 'yan jirgi, ya hau kan wani kifaffen kwando, ya ɗaga hoton sama. Ya ce, "Jiya na ce wanga mutum macuci na. To ku duba. Ni ne nan, ƙato da ni, ina kuka kamar wanda anka yaye. Wanda ba shi da fim ba ya kama wannan. Ni na yi ƙarya!" Aka bushe da dariya, hoto ya yi ta yawo hannu zuwa hannu, har da masu kwaikwayon rankwafawar tasa. Ya tsaya aka gama yi masa, bai karɓe ba sai da na ƙarshe ya gani.

Malam Haliru, mun gode. Musa da Zuliha sun gode, Alhaji Maikuɗi ya fi kowa godiya ko da yake har yau in an tayar da zancen sai ya ce ƙwaro ne ya faɗa masa a ido. Allah ya ƙara wa idanunka haske, ya sa hutun nan ya zame maka alheri, ya ba ka ladan kowace fuska da ka riƙe da amana.

Ku kuma masu tasowa, ko hoto kuke yi, ko ɗinki, ko tuƙin jirgi, zargi zai same ku, don ba a sana'a da mutane a tsira daga bakinsu. Wata rana za a tsare ku a ce ku wanke kanku nan take, alhali wankewar ita za ta ƙone abin da aka ba ku riƙo. Ranar nan ku danne shi a ƙirji da hannu biyu, ku bari a yi ta zagin.