Gashin Wuyan Baba

Mahaifina mutumin Ibeto ne, manomin dawa da gyaɗa, kuma a unguwarmu babu mai murya irin tasa. Idan aka yi gayya shi ke ba da waƙa da Kambarci, maza na amsawa da fartanya a hannu. Ran Lahadi ma a coci shi ke ɗaga waƙa kafin mai ganga ya shigo. Ni ban gaje shi ba. Na bar gona na koyi walda, na buɗe rumfa a Kontagora ina haɗa ƙofofi da tagogi, a nan na yi aure.

Ciwon ya fara da dishewar murya. Muka ce sanyi ne, Mama ta riƙa dafa masa citta da kanumfari. Bayan kaka sai kumburi ya fito a gefen wuyansa, mai tauri kamar goriba, har tuwo ya daina wucewa. Na ɗauko shi a babur na kawo shi gari. Asibitin farko suka tura mu na biyu, a can aka yanki ɗan nama aka aika gwaji. Sakamako ya dawo ciwon daji ne, kuma ya wuce tiyata. Aka ce sai dai gashi, a wani babban asibiti mai nisa, tafiyar yini guda a mota.

Da Baba ya ji an ce gashi, ya zaci ƙarfe za a sa a wuta a ɗora masa, yadda ake yi wa shanu alama. Likitar da ta karɓe mu ta lura Hausarsa ba ta yi zurfi ba, sai ta riƙa magana a hankali.

"Baba, ba wutar murhu ba ce. Wani haske ne da ido ba ya gani. Zai ratsa fata ya je ya kashe ciwon."

"Naman da ke lafiya fa?" in ji Baba.

"Shi ma zai taɓu. Ba zan ɓoye maka ba. Amma in ba a yi ba, kumburin nan zai toshe maka numfashi."

Na tambaye ta daga ina hasken yake fitowa. Ta ce daga wani ɗan ƙarfe ne da aka kulle a cikin kan injin gashin, danginsu ɗaya da makamashin nukiliya da wasu ƙasashe ke samun lantarki da shi, wasu kuma suke haɗa bam. Na san hasken da ke cin mutum a ɓoye. Ka kalli walda ba gilashi, a lokacin ba za ka ji komai ba, sai daga baya idonka ya zama kamar an zuba yashi. Wannan kuwa, ta ce, baƙin gilashi ba ya tare shi.

Ɗakin gashin yana can ƙarshen ginin. Ban taɓa ganin ƙofa mai kauri irin tasa ba, ni da ƙofa ce sana'ata. Suka yi wa Baba wata ragar roba daidai fuskarsa. Kullum sai su kwantar da shi, su ɗaure ragar a jikin gado don kada ya motsa, sannan kowa ya fita a ja ƙofa. Ranar farko da ya fito na riƙo hannunsa muka fita waje. Sai da muka zauna a inuwa ya ce, "In magani ne, me ya sa mai ba da shi yake gudu?"

Washegari na faɗa wa ma'aikacin da ke kunna injin abin da Baba ya ce. Ya durƙusa gaban Baba ya ce, "Kai naka kaso aka auna maka, Baba. Ni in na tsaya, na kowa zan sha, tun safe har yamma." Baba ya gyaɗa kai, amma kullum za a ja ƙofar sai na ga hannunsa ya damƙe gefen gado.

Ana tsakiyar gashin injin ya lalace. Aka ce sai an kawo mai gyara daga wata ƙasa. Muka zauna jira tare da mutanen da suka zo daga jihohi daban-daban, kowa da tabarmarsa a baranda. Wata mata da ke kusa da mu, mai ciwon mama, ta rasu a cikin jiran nan, mijinta ya naɗe tabarma ya tafi da gawa.

A barandar ne na ji ana muhawara a rediyo kan ko ya dace ƙasarmu ta gina tashar lantarki ta nukiliya. Wani direba da ya kawo ƙanwarsa ya ce a gina, ya gaji da duhu, kuma ƙasashen da suke da ita ba hayaƙi suke shaƙa ba. Wani dattijo ya nuna ƙofar ɗakin gashi da haɓa ya ce, "Wannan ɗan ƙaramin ya gagare mu gyara. In babban ya ɓaci, ina za mu gudu?" Ni ban sa baki ba. Sau da yawa na yini a rumfa ba wuta, aiki jibge a gabana, don haka na fahimci direban. Amma dattijon ma ban ga inda ya yi ƙarya ba.

Da aka gyara injin aka ci gaba. Fatar wuyan Baba ta yi baƙi, ta saɓule, ta riƙa tsatstsafo da ruwa. Bakinsa ya cika da gyambo. Yawu ya ƙafe masa ƙaf, ya ce duk abin da ya sa a baki ɗanɗanon tsatsa yake yi. Sai dai kumburin ya soma saɓewa a kan idonmu. Ya sha kunu ya wuce. Ranar da ya haɗiye lomar tuwo, na fita waje na yi kuka. Murya kam ba ta dawo ba, sai raɗa mai kaushi da sai ka matso za ka ji.

Kafin a sallame mu na tambayi likitar ko zai iya zama da mutane, domin matata tana da tsohon ciki. Ta ce babu abin da ya rage a jikinsa. "Wanda ya tsaya a rana ba ya shigo da rana ɗaki," in ji ta.

Amma magana ta riga mu isa Kontagora. Wani ɗan'uwa da ya zo duba mu ya koma ya ce da abin haɗa bam aka gasa Baba. Muna sauka na tarar surukata ta zo daga Tungan Magajiya, ta riga ta ɗaure kayan 'yarta. Ba muguwar mace ba ce. Ita kanta ta binne jarirai a ƙuruciyarta.

"Ɗana, ba don na ƙi mahaifinka ba ne," ta ce. "Abin da ke cikin nan ba shi da ƙarfin da zai jure."

Na maimaita mata abin da likita ta faɗa. Ta ce likita ba ita za ta yi goyon ba. Matata tana tsaye tana hawaye, ta kasa kallon kowa. Baba yana zaune a bakin ƙofa, ya ji komai. Ya yafito ni ya raɗa mini, "Kai ni gida. Bar yarinyar ta haihu a ɗakinta."

A Ibeto ma an ware masa kwano. In ya fito, uwaye su kira 'ya'yansu. Mama ce kaɗai ta ci gaba da cin abinci da shi. Sannu a hankali mutane suka saki jiki, ganin ba abin da ya same ta. Yana yawo da gorar ruwa a rataye, saboda ba ya iya jimla biyu bai jiƙa baki ba. Haƙoransa suka riƙa ruɓewa suna zubewa. A coci ya koma bencin baya.

Matata ta haifi mace, lafiyayya. Da ta yi arba'in ita da kanta ta ce mu je Ibeto. Ta durƙusa ta miƙa masa jaririyar. Ya ɓoye hannayensa a baya.

"Karɓe ta, Baba," ta ce. "Jikarka ce."

Ya kalle ni, na gyaɗa masa kai, sannan ya karɓa. Ya riƙe ta nesa da wuyansa har aka karɓe ta.

Damina biyu ya yi yana shuka. Ba ya iya huɗa, amma yana bin bayan ƙannena yana jefa iri. A ta uku kumburin ya dawo, ƙasa kaɗan da inda yake a da. Muka koma wurin likitar. Ta duba shi ta ce wuyan ya riga ya sha iyakar abin da zai iya ɗauka, in aka ƙara naman zai mutu. Ta rubuta maganin rage zafi. Baba ya yi mata godiya da hannu biyu, muka kamo hanya.

Ya rasu lokacin cirar gyaɗa, da rana, Mama na riƙe da kansa. Bayan an yi jana'iza mutane sun watse, na same ta a tsakar gida tana ɓarar gyaɗa. Ba ta ɗago ba ta tambaye ni ko da ba a yi gashin ba, da zai sha wahalar da ya sha. Na ce mata da ba a yi ba, da bai ga ko damina ɗaya ba. Ta ce ta sani, ta tura mini kwando, na zauna muka ci gaba da ɓara.