Ranar Da Baba Hanci Ya Zauna A Kujerar Matuƙi

Baba Hanci mai wankin jirgi ne, ba wani abu ba. Kar ma ka ɗauka irin manyan jiragen nan ne da ake raba wa mutane lemo a ciki. Ƙananan nan ne masu farfela ɗaya a baki, mutum biyu su shiga gwiwa na gugar gwiwa, waɗanda ake koya wa 'ya'yan masu hali tuƙi da su. Tun gashinsa na baƙi yake rumfar jiragen nan da bokitinsa da soso da tsumma, har kan ya koma kamar an juye masa toka.

Sunan kuwa ba a banza ya same shi ba. Hancin ne wallahi kamar an ɗora masa barkono ƙato a fuska, kuma yana aiki. Yana cikin goge ƙasan jirgi sai ya tsaya ya ja iska, ya ce wa makanikai, "Samari, mai na ɗiga a nan." A duba, a samu. A gida ma haka matarsa ke fama da shi. Tun daga bakin layi zai kwaɗa mata kira, "Uwar yara, tukunyarki ta kama!" Ita kuma ta ce, "Allah dai ya so ka da bai yi ka kare ba, maigida."

Abu ɗaya ne ya tsaya masa a rai duk shekarun nan: bai taɓa zama a kujerar matuƙi ba. Dokar wurin ke nan. Mai wanki ya tsaya daga bakin ƙofa, ya miƙa hannu ya goge, amma ɗuwawunsa kada su kuskura su taɓa kujera.

Sai aka kawo sabon injiniya, wani siririn mutum mai takalmi kullum a goge, wanda in ka gaishe shi sai ya duba agogo kafin ya amsa. Bai daɗe da zuwa ba ya ce a gaban kowa za a sayo injin feshin ruwa, tsofaffi sun yi yawa a rumfar. Tsoho ɗaya ne a rumfar kaf. Baba Hanci ya ji, ya ci gaba da matse soso kamar ba da shi ake ba. Wa zai ɗauki mai furfura aiki a wani wuri? Ga yara ba su gama tasowa ba.

Ana cikin haka, ran nan Kyaftin mai koyar da tuƙi ya sauko da jirgi a karkace, taya ɗaya na tsalle. Yana fitowa ya durƙusa ya kelaya amai a gindin fiffike, yana riƙe da kai. Makanikai suka hau zunɗe, wai giya ya sha ta yi masa karo. Da abin ya sake faruwa, har ɗalibin da ke tare da shi ya fito yana layi, sai injiniya ya ce ƙila hayaƙin salansa ne ke shiga ɗakin matuƙi. Sama akwai sanyi, su kuma ƙananan jiragen nan iskar da ke ɗumama mutum daga jikin salansa take ɗebo zafi. In salansar ta tsage, hayaƙi ya biyo iskar, shi ke nan.

To amma ƙila ne. Mai kamfani ya ce ba za a kwance masa jirgi a kan ƙila ba, ɗalibai na jira. Ɗan katin da ake mannawa a gaban matuƙi, mai yin baƙi idan gubar da ke cikin hayaƙin ta shigo, ya tsufa ya mutu tuntuni, sabo kuma bai iso ba.

Injiniya ya juyo ya kalli Baba Hanci. Karo na farko ke nan da ya yi masa murmushi.

"Baba, an ce hancinka ba ya ƙarya."

"Haka suke cewa, ranka ya daɗe."

"To ga ranarka ta zo. Ka shiga ka zauna, mu tayar da injin, mu buɗe hita mai kawo iskar ɗumin nan, ka shinshino mana. Mai irin wannan amfani ai ba a sallamarsa."

"In zauna? A kujerar?"

"A kujerar Kyaftin ma kuwa."

Kai, zo ka ga tsoho yana rawar jiki! Sai da ya wanke ƙafa da ruwan bokitinsa, ya kakkaɓe wando. Aka turo jirgin waje, aka sa wa tayoyi waigi don kada ya gangara. Babban makaniki ya shiga ya tayar da injin, ya ja maɓallin hita har ƙarshe, ya ce, "Baba kar ka taɓa komai, kar ka tashi da mu," ya fice abinsa ya rufe ƙofa gam.

Kujerar taushi gare ta. Ga alluran agogunan jirgi na rawa a gabansa, ga farfela ta zama kamar inuwa, ga iska mai ɗumi na busa masa ƙafafu. Ya ja numfashi iya ƙarfinsa. Warin fata, warin tsohon gumin Kyaftin, ɗan ƙaurin ƙarfe mai zafi. Ban da wannan babu komai. Ya sunkuya ya kai hancin daidai bakin hita, ya zuƙa, ya sake zuƙa, kamar mai shan romo. Ya ɗago ya girgiza wa injiniya kai ta gilashi. Injiniya ya yi masa alama da hannu: zauna, ƙara.

Ya ƙara. Ai aikinsa a kan iskar nan ya rataya, dole ya samo hayaƙin.

Can goshinsa ya fara sara. Ya ce a ransa ƙarar injin ce. Sai wani daɗi-daɗi ya lulluɓe shi, ya ɗora hannu a sitiyarin da aka hana shi taɓawa, yana washe baki. Makanikai suka fashe da dariya, suna sara masa kamar sojoji.

"Kyaftin Hanci! A sauka lafiya!"

"Ka gaishe mana da gajimare, Baba!"

Yana ganin bakunansu na motsi, su kuma suna komawa bibbiyu. Ya so ya buɗe ƙofa, hannun ya ƙi zuwa. Kansa ya tafi a hankali ya jingina da gilashi, hancin ya lotse a jiki. Wannan ma sai da suka yi masa dariya, wai barcin manya yake a sama. Kyaftin ne ya fito daga ofis ya hango, ya zunduma ashar, ya ruga ya fizge ƙofar ya kashe injin. Suka jawo shi kamar buhu, wandon a jiƙe.

Injiniya ya duba agogo ya ce, "To, an tabbatar. Yana shiga. A kwance salansa."

Kyaftin ya ce, "Kai wane irin mara imani ne? Ka san abin nan ba shi da wari!"

"Na sani mana. Shi ne bai sani ba. Da na sa ɗayanku, zai zauna?"

Aka jefa Baba a bayan mota aka yi asibiti da shi. Makanikai kuma suka toshe bakin salansa, suka hura mata iska da tiyo, suka ɗauko bokitinsa da ya bari da ruwan sabulu suka shafa mata. Nan take kumfa ta tashi a wata 'yar tsaga da ba ta kai farce ba. Abin da za a yi tun farko ke nan, da bokitin da ke gefensu tun safe.

Bai mutu ba. Ya dawo aiki da hularsa sabuwa, yana jiran a ce masa sannu da ƙoƙari. Sai dai hannun na karkarwa, kuma ya wanke fiffike ya manta ya sake wanke shi. Injiniya ya tsaya a kansa ya ce wannan zai karce musu fenti, kuma mutumin da ke faɗuwa a bakin aiki haɗari ne a kusa da jirgi. Injin feshin ma ya riga ya iso, yana kwali a bakin ƙofa. Bokitin kaɗai suka bar masa ya tafi da shi.

Yanzu kullum yana tsakar gida a kan benci. Duk wanda ya shigo, ko mai karanta mitar wuta ne, sai ya tare shi.

"Ka taɓa zama a kujerar matuƙi? Ni na zauna. Taushi kamar me! Ni na gano musu hayaƙin nan, ka tambayi uwar yara."

Ran nan matarsa ta bar masa tukunya a wuta ta leƙa kanti, ta ce ya sa mata ido. Maƙwabciya ce ta shigo da gudu tana salati, ɗankwali a hanci, tukunyar ta ƙone ƙurmus, hayaƙi ya cika gidan har ya haura katanga. Yana zaune dab da murhun, ya kama wani sitiyari da babu shi a iska, yana karkata shi hagu.

Ya ɗago ya ce mata, "Lafiya, 'yar nan? Me ya faru?"