Ranar da Munka Tarbi Monita

Kalmar Turanci ta farko da ta jawo mini mari ita ce monita. Muna firamare a Wurno, ɗan baffana shi ne monitan ajinmu. Ya girme mu duka, don sai da ya daɗe yana kiwon awaki kafin a sa shi makaranta, kuma girman jikin nan ne kaɗai ya sa malam ya naɗa shi. Aikinsa ya ɗauko alli, ya goge allo, ya hana surutu. Shi kuwa ya ɗauki abin kamar rawani. Ran da na kira shi Yaya a cikin aji, ya ce a gida ne yake Yaya, nan Monita yake, ya kuwa sheme ni da mari don kada in manta.

Sunan ya bi shi har ya yi gemu. Ni na zama malamin Turanci, aka tura ni Goronyo. Shi ma can ya koma yana noman rani, albasa da tafarnuwa, kafin a ankara ya zama shugaban ƙungiyar manoman fadamarsu. Wata shekarar zaɓe ya samu shiga cikin masu sa ido a Rabah, aka ba shi 'yar falmaran mai sheƙi da aka rubuta monita a bayanta. An gama zaɓe da daɗewa yana ɗora ta bisa babbar riga, har ɗaurin aure ya je da ita. A wurinsa ma'anar kalmar ɗaya ce: mutumin da in ya shigo ake miƙewa.

Ana nan sai wata ƙungiyar agaji ta ba manoman injinan ban-ruwa. Yaya ya yi rabo irin nasa. Wasu sunka tafi Taloka wurin surukansa, ɗaya ya sauka Marnona gidan wani abokinsa da ko gonar rani ba shi da ita, biyu ya bari a fadama don kunya.

Wata Lahadi ya shigo gidana a kan babur, ko kashe shi bai yi ba.

“Malam, an bugo waya daga Sakkwato. Ran Laraba za a kawo muna monita, har ukku.”

“Yaya, za a kawo anka ce, ko za su taho?”

“Mi ne bambanci? Manya ba kawo su akai cikin mota ba?”

Na ce masa kalmar nan tana da 'ya'ya da yawa. Akwai na aji, akwai na zaɓe, akwai gilashin kwamfuta, akwai na'urar da ke ƙara a kan majinyaci a asibiti. Har damo da guza, Bature monita yake ce musu.

Ya dube ni shekeke. “Damo? Ni za ka koya ma monita? Tun kana zubar da majina nike cikinta. Rubuta muna jawabi da Turanci mai nauyi.”

Na rubuta. Ban ji kunyar saka manyan kalmomi ba, don ni ma an ce akwai rago.

Litinin da Talata babura sunka yi ta zirga-zirga ana maido da injina. Aka wanke su da omo, aka jera su gaban ofishin ƙungiya kamar kayan ɗakin amarya. Ɗaya ma an riga an cire masa kayan ciki, aka juya gefen bango da shi. Aka aro kujeru masu katifa daga gidan kansila, aka yanka rago, mata sunka soya masa, aka kira maroƙi. Yaya ya fito da falmaran ɗinsa, wai don baƙin su san sun iske ɗan'uwa.

Rana ta take sai ga wata tsohuwar bas ta tsaya. Maroƙi ya ɗaga murya, muka miƙe. Direba ya sauko yana miƙa, ya buɗe baya, ya sauke kwali uku a ƙasa.

Yaya ya leƙa cikin motar, ba kowa sai buhunan gishiri. “Direba, ina monitocin?”

“Ga su nan gabanka, Alhaji. Ka yi hankali, fashewa sukai.”

Gilasan kwamfuta ne, uku, sababbi ful. Ba akwatin da ke sa su aiki, an ce yana tafe. Ofishin ma ba wuta.

Sai wani tsoho daga baya ya tambaya ko za a ba su ruwa ko fura. Dariya ta ɓarke. Yaya bai ko murmusa ba. Ya sa aka ɗora kwalayen bisa kujerun kansila, ya juyo gare ni.

“Karanta jawabi.”

“Wa zan karanta ma?”

“An yanka rago, Malam. Karanta.”

Na tsaya gaban kwali uku na yi musu maraba da Turanci, na yaba da jajircewarsu da doguwar tafiyar da sunka sha. Direba yana gefe da cinyar rago, yana gyaɗa kai duk inda na numfasa. Kafin la'asar kowane inji ya koma gidan da ya fito.

Mako na zagayowa, ina ofishin muna hira, ɗan kabu-kabu ya sauke wata mata. 'Yar Zuru ce, Kirista, da malafa da takalmin roba irin na shiga ruwa. Ta yi sallama cikin ladabi. Yaya ko tashi bai yi ba.

“In rigakafi ne, asibiti na can gaba. In tafarnuwa ce, sai ran kasuwa.”

“A'a, Baba, ni ce monita. Na zo ganin injina.”

Ban taɓa ganin mutum ya tsufa a zaune ba sai ranan. Ya ce, “Wai ku monita nawa gare ku?”

Ta ce ita kaɗai ce a wannan yanki. Ta ƙi kujera, ta ƙi lemo, ta nufi fadama da ƙafa. Yaya ya ce in biyo su in yi tafinta, alhali Hausarta ba ta buƙatar kowa. Ta iske mutane suna ɗibar ruwa da bokiti suna watsa wa albasa, ta tsuguna tana tambayarsu ɗaya bayan ɗaya. Su kuwa sunka yi ta zuba kamar dama jira suke. Yaya yana biye da ita yana bayani: wancan inji ya tafi gyara, wancan an kai shi a yi masa addu'a saboda bakin mutane. Ta ce to, Allah ya karɓa.

Muka zuba ido mu ga abin da zai biyo baya. Bayan wata biyu aka kira Yaya Sakkwato. Na ɗauka tasa ta ƙare. Sai ga shi ya dawo da jaka da satifiket, an yi musu bita a otal mai sanyi. Ƙungiyar agajin ta gane cewa matsalar rashin sa ido ce daga cikin jama'a, don haka ta naɗa monitan al'umma wanda zai riƙa duba injinan yana kai rahoto. Aka nemi mai gogewa, aka rasa wanda ya kai shi.

Matar kuwa na sake ganinta bara a tashar Wurno, an mayar da ita wani aiki. Ta gane ni, ta tambayi lafiyar Baba da manoma. Na gaya mata ƙarin girman da ya samu. Ta ce ai ta sani, ita aka sa ta buga takardar naɗin. Sannan motarta ta cika, ta shiga.