Karen da Ya Ciji Baba

Sai da cizon ya kwana biyu kafin labari ya iske ni a unguwar Dagmanet, inda nake aure. Babana baduku ne a tsohon gari, irin mutanen nan da ko ƙashi suka karya sai su ce gajiya ce. Wani kare marar ubangida ya kama shi a ƙwauri, yana dawowa daga kasuwar dabbobi da fatu a kafaɗa.

Na tarar da shi a zaure yana ɗinkin takalmi kamar ba abin da ya faru. Samarin unguwa sun gama nasu aikin tun ranar. Sun bi karen da duwatsu har suka kashe shi, suka tsige gashin wutsiyarsa suka ƙona, suka barbaɗa tokar a ciwon, yadda muka taso muka ga ana yi. Har bugun ƙirji suke, wai sun rama wa tsoho. Wandon kam an wanke shi tas saboda najasa, ƙafar ce ba wanda ya nuna mata sabulu.

Na yi ta faɗa har Inna ta ce in tuna da wa nake magana. Ban tuna ba. Na sa shi gaba muka tafi likita.

Majo, babban ma'aikacin wurin, ya wanke ciwon, ya tambayi inda karen yake. Da ya ji an kashe shi sai ya dafe kai. Ya ce da an ɗaure shi an zuba masa ido na 'yan kwanaki, da an san ko mahaukaci ne. Yanzu ba mai sani. An makara da allura, amma gara a yi, su kuma ba su da ita.

Na zaga farmasin garin nan a kabu-kabu har masu moto suka gane ni. Na samu alluran farko, ta ƙarshe kuwa ta ƙare ko'ina, sai da mota ta zo da ita daga Yamai, bayan ranarta ta wuce. Da na matsa wa majo da tambaya, ya ce alamar cutar ita ce tsoron ruwa, maƙogwaro ya ƙi haɗiya, in ta kai nan ba magani. Tana iya ɓuya wata da watanni.

Daga ranar zama ya gagare ni. In ɗora tukunya, in yafa mayafi, in bar shinkafa tana ƙonewa. Tsoro nake ji ƙwarai, ga haushin samarin nan da har yanzu ke jiran godiya. Ina isa gidanmu sai in miƙa wa Baba kofin ruwa, in tsaya ina kallon wuyansa.

Rannan ya ajiye kofin bai sha ba. Na matso ina leƙen wuyansa.

"Ke, maƙogwarona aka ba ki gadi?" in ji shi. "Koma ɗakinki."

Na koma ina kuka a hanya.

Washegari da hantsi na ji sallama. Baba ne, wanda tunda aka kawo ni bai taɓa taka gidan surukinsa ba, don kunya. Ya tako tun daga tsohon gari da ƙafar nan mai ciwo. Bai shigo ba, bai zauna ba. Ya ce in ba shi ruwa. Ya ɗaga kai yadda zan gani da kyau, ya shanye, ya miƙo min kofin.

"Gobe ma zan zo," ya ce. "Ki dafa wa mijinki abinci."