Gyaran Mai Tafiya Ingila

A kasuwar 'Yankara, Baraka mai daddawa tana kallon wani saurayi tsugune gaban faifanta. Wandonsa mai faɗin ƙafa yana sharar ƙasa, ga suma tuli, amma tafinsa duk kantar hauya. Sai cusa daddawa yake a sabon akwati, kan kwat ɗinsa.

"Samari, biki za a yi?"

"Karatu gwamnati za ta kai ni Ingila, Inna. An ce can ba a ciniki, ko ɗumin ɗaki sai ka saya."

Baraka ta kwashe da dariya. A ranta kuwa tana cewa da uwarsa na raye, ai ita za ta yi masa wannan guzuri. Ta dumbuzo daddawa ta ƙara masa.

"Ungo gyara, ɗan nan. Can ba mai yi maka."